San Labbo Ya Kama Aikin Gwamnati

Jama'a, rub-da-ciki nake rubuta muku wannan, matata Hawwa'u na gasa mini baya da ruwan zafi tana ƙunshe dariya. Jiya ni aka ɗaura wa garmar shanu. Ni da ƙanena Hamza muka saɓa karkiya, maƙwabcina Labbo yana riƙe da garma a baya, muka ɗan taɓa huɗa a gonarsa ta hanyar Gwashi kafin ƙuguna ya ce shi ya gama. Labbo mutum ne mai kara, bai ɗaga mana bulala ba, sai dai ya kan manta ya yi mana tsawa irin ta shanu.

Kada ku ce Labbo ba shi da sa. Yana da shi. San ne ya samu aikin gwamnati.

Da shanun huɗa biyu gare shi. Bara mutanen daji suka kore ɗaya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Saura Ɗan Karkace, wani jan sa mai ƙaho ɗaya da ya sunkuyo ƙasa, wanda duk Bukkuyum an san shi. Shi ne Labbo yake haɗawa da san wani su yi huɗa, yau gonar wannan gobe ta wancan, kuma da gonar nan yake ciyar da gidansa.

Ana gab da faɗuwar damina, ranar kasuwa, sai ga jerin motoci masu baƙin gilashi. Ashe Mai Girma Uban Sanarwa ne da kansa, Babban Daraktan Kwantar da Hankali na wata hukumar tsaro, wanda kullum muke jin muryarsa a rediyo yana shaida mana cewa lafiya lau muke. Allah ya saka masa, don ba domin shi ba da ba mu sani ba.

Yaransa suka bazu cikin kasuwa suna neman aron shanu. Wai shanun da aka ƙwato suna can nesa, sun rame, ba za su yi kyau a hoto ba. Kafin la'asar za a maido wa kowa nasa. Labbo ya kawo buhunan wake a amalanke, ya ce ai hoto ba ya cin sa, ya kwance Ɗan Karkace ya miƙa igiya.

Aka jera shanu, Mai Girma ya dafa karkataccen ƙahon nan, ya sanar da duniya cewa an ƙwato su daga hannun ɓarayi. Muka yi tafi, har da ni, Allah ya yafe mana. Da la'asar manyan 'yan kasuwa suka janye nasu, na Labbo kuwa aka tura shi babbar mota. Wai ya kwanta wa Mai Girma a rai, ƙahonsa yana isar da saƙo, kowa ya gan shi ya san ya sha wuya a daji.

Na raka Labbo ofishinsu, muka tarar da wani matashi mai sheƙin takalmi.

Labbo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, sana nika biɗa."

Matashin ya ce, "An sace maka shi ne, Baba?"

"A'a, aro kunka yi."

"To ai wannan garken na shanun sata ne da aka ƙwato. Wanda ba a sace wa ba, ba shi da sa a ciki."

Labbo ya dube ni, na dube shi. Sannan ya ce, "To, an sace."

"A ina?"

"Nan Bukkuyum."

Matashin ya sassauta murya, da alama tausayinsa ya ji. "Baba, rufa wa kanka asiri. Mai Girma ya riga ya sanar cewa bana ko kaza ba a sace ba a Bukkuyum. Abin da kake yi yaɗa jita-jita ne, kuma laifi ne."

Kun ji aiki. A wasu wurare sai an yi sata ake ƙwatowa, mu nan an wuce wannan matakin.

Ba a jima ba Hamza ya nuno mana a waya: an sake ƙwato Ɗan Karkace a Gummi. Can kuma aka ƙwato shi a Anka, bayan abin da sanarwa ta kira gumurzu. Sharu mai shayi ya ce san nan ya fi mu duka ci gaba, ya shiga mota, ya yi ƙiba, har gani yake yana gyara tsayuwa in an ɗaga kyamara. Muka yi ta dariya. Labbo bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ko sun san ba shi cin harawa in ta jiƙe?" Wallahi maganar nan ta sosa mini rai. Ruwa ya sauka, kowa ya yi huɗa, gonarsa kaɗai ke tsaye cikin ciyawa.

Shekaranjiya aka yi shelar bikin mayar da shanu ga masu su. Labbo ya wanke rigarsa ta Juma'a, ya riga kowa zuwa. Ɗan Karkace yana hango shi ya yi kuka ya ja igiya. Muka ce alhamdulillahi, magana ta ƙare.

Mai Girma ya ƙare wa Labbo kallo, ya girgiza kai. Ya ce wannan fuskar ba ta kwantar da hankali, ta yi kama da ta wanda ya yi asara. Ya waiga ya hango Sharu da kumatunsa. Nan take aka ara wa Sharu babbar riga, aka damƙa masa igiya, ya washe baki ya gode wa hukuma da ta share masa hawaye. Sharun da ko tunkiya bai taɓa ɗaurewa ba.

Ana sauke kyamara aka karɓe riga, aka karɓe igiya, aka mayar da sa mota, don gobe akwai ƙwatowa a wani gari. Labbo kuwa an tsayar da shi a sahun baya, aka ce ya yi tafi. Ya yi.

A hanyar gida ni da Labbo muka biyo ta bakin gonarsa. Ya tsaya yana duban ciyawar, ya ce, "Malam, waɗanda sunka ɗauki na farko dai ba su ce in yi tafi ba."

Shi ya sa washegari na kira Hamza muka shiga karkiya.

Da safen nan na ji a rediyo cewa manoman yankinmu sun koma gona da ƙarfinsu. Wannan kam gaskiya ce, ni shaida ne. Hawwa'u dai ta hana ni fita ranar kasuwa. Ta ce yadda ƙuguna ya karkace ɗin nan, kada Mai Girma ya hango ni ya ce ina isar da saƙo.