Nasihar Baffa da Na Ajiye

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar kai Rabi ɗakin miji ba.

Rabi 'yar Baffana Sale ce, a Zoza. Da ciwonsa ya yi tsanani, sai ya ɗauki muryarsa a waya, nasiha ga 'yarsa, ya ce kada a kunna mata sai ranar da za ta bar gida. Bayan rasuwarsa katin wayar ya fara gardama, Inna Hajara, matarsa, ta kawo mini shi har shagon kwamfutar da nake aiki a Karaye, a ƙulle a bakin zani.

Aikin minti ɗaya ne, a kwafa a ajiye. Amma ni lokacin wata uku ke nan da fara koyon rubuta manhaja, kaina ya kumbura (har gilashi nake sawa, alhali idona ƙalau). Na ce ai sai manhajata ce za ta kwafe. Na rubuta mata inda za ta ajiye: D:\nasiha. Abin da na manta shi ne, wannan karkatacciyar sanda sai an ninka ta biyu. Idan ita kaɗai ce ta haɗu da harafin n, kwamfuta ba ta ganin wurin ajiya, umarni take gani na sauka sabon layi.

Da kwamfutar ta yi mini ƙorafi, amma na riga na toshe mata baki. Ba na son jan rubutun kuskure ya fito a gaban mutane su raina ni, don haka duk manhajar da na rubuta nakan sa ta haɗiye kuskure ta ce "An kammala." Ta kuwa ce. Ban leƙa ba. Na goge katin tas don ya gyaru, 'yan mata suka cika shi da waƙoƙin biki.

Ranar kai Rabi, bayan la'asar, mata suka cika tsakar gida, an aro lasifika, Rabi na lulluɓe tana kuka tun kafin a kunna. Na buɗe kwamfuta da yanga. Babu komai. Na nema, na sake nema, gumi na ɗiga a kan madannai, wata tsohuwa na tambaya ko wuta ce babu.

Ƙarshe na durƙusa na faɗa wa Inna gaskiya. Na so ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, "Tashi, ɗana. Ni na ji, ina zaune ya faɗa. Ita ce dai ba za ta ji ba."

Haka aka fita da Rabi. Har yau idan muka haɗu tana gaishe ni da ladabi, abin da ya fi komai ci mini rai.

Yanzu ina ninka sandar, ina buɗe abin da na ajiye in gani da idona. Kuma duk wanda ya ce mini "an kammala," mutum ko na'ura, sai na ce ya nuna mini, domin na san irin wanda ke koya musu faɗin haka.