Makullin Ɗakin Gwaji a Aljihuna

Na yi na yi in manta da ranar da masu tantance kwasa-kwasai suka zo sashenmu, abin ya ƙi barina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma wanda nake jin haushi ba kowa ba ne, ni ne.

Lokacin ina shugaban sashen nazarin ƙwayoyin cuta a jami'ar gwamnati da nake aiki a nan Jalingo. Tsarina ɗaya ne: tsawa. A ganina ma'aikaci ba ya motsi sai an daka masa ita. In motata ta shigo, hira ta mutu a baranda, kowa ya faɗa ofis, ni kuma ina jin daɗi wai ana ganin girmana.

Idan baƙin nan ba su amince da kwas ɗinmu ba, an hana mu ɗaukar sababbin ɗalibai ke nan. Don haka muka jera na'urori a ɗakin gwaji (rabinsu aro ne, amma wannan tsakanina da ku). Na kulle ɗakin, na jefa makulli a aljihu, na ce duk wanda ya kusanci ƙofar nan sai ya gane kurensa.

Damina ce. Dakta Rifkatu, malama a sashen, ta tare ni a matakala.

"Oga, wannan lab ɗin fa, akwai ɗan matsala..."

"Madam, ba na son jin matsala! Aiki nake so!"

Washegari ta sake zuwa. Ko ɗago kai ban yi ba, na nuna mata ƙofa da biro.

Ranar ziyara na sha babbar riga, na shige gaba ina zuba bayani, shugaban tsangayarmu na biye da baƙi. Na murɗa makulli da isa, na tura ƙofa.

Wari ne ya fara tarbar mu. Silin ya rufto kan teburan, ruwa kwance a ƙasa, na'urorin duk sun yi funfuna. Kunya ta isa ta rufe min baki, amma ina! Sai na juya kan Rifkatu a gaban kowa.

"Me kuke yi a sashen nan? Ba mai ido a cikinku?"

Ba ta ko ɗaga murya ba. "Oga, mun gan shi ta taga tun silin yana kumbura. Na bi ka, ka kore ni. Key yana wurinka. Wa zai fasa ƙofan ka cinye shi?"

Malaman da ke bayanta suka sunkuyar da kai. Babban baƙon ya dube ni, ya dubi makullin da ke hannuna.

Ba mu tsallake ba. A shekarar ba mu ɗauki ɗalibi ko ɗaya ba, har da 'yar maƙwabcina daga Sunkani da na cika wa ubanta baki cewa gurbinta na hannuna.

Shugaban tsangaya kuwa tura ni ya yi bitar natsuwa. Da furfurata, wata yarinya tana koya min jan numfashi da sauraron mutum har ya kai aya! Na zauna ina huci, amma na koya.

Yanzu in ma'aikaci ya ce "Oga, akwai ɗan matsala," kujera nake miƙa masa. Shugabancin dai an riga an ba Rifkatu, ni ne ke ƙwanƙwasa ƙofarta.