Nomau da Baƙin Kawu Arzika

A ƙauyen Kurmin Ɗorawa akwai wani mutum, Nomau. Gemu ya fito masa, amma yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Tasalla, da ƙaninta Kawu Arzika, mai kiwon zuma. Da amyoyin da Kawu ya rataya a kan itatuwa gidan yake ci.

Wata rana Kawu zai ɗebi zuma, ya ce, "Nomau, je ka yi wa ƙudan zuman hayaƙi su kwanta." Nomau ya hura wuta, ya shimfiɗa tabarmar Inna a gindin itace, har da matashi. Ya ɗaga kai yana tafi, yana cewa, "To, ku sauko, an gyara!" Suka kuwa sauko masa. Kwana da kwanaki Inna tana shafa masa man kaɗanya a fuska.

Wata rana wata amya ta cika, ƙudan suka rabu, rabi suka tashi. Kawu ya ce, "Maza nemo inda sarauniya ta sauka da jama'arta." Nomau ya bi gida gida yana tambayar wa ya sauki sarauniya. Mata suka ɗora tukwane, mai gari ya naɗa rawani. Can aka tarar da ƙudan cure a reshen tsamiya, Nomau durƙushe yana ta "Ranki ya daɗe."

Wata rana da bazara ciwo ya kama Kawu, za a kai shi asibiti a birni. Rafi ya ƙafe, ƙudan zuman maƙwabta sun fara gudu. Kawu ya ce, "Ka riƙe namu ƙudan kamar baƙinka."

Nomau ya san baƙo da ruwa ake tarbarsa. Ya jera kasake a inuwa, kullum ya cika su. Da ya ga wasu ƙudan suna nutsewa, sai ya ce, "Ashe ban ba ku wurin zama ba!" Ya zuba tsakuwa a ciki, suka riƙa sauka a kai suna sha, suna kai wa 'yan uwansu.

Da Kawu ya dawo, amyoyin mutane duk wayam, nasa kuwa suna ta amo.

Nomau ya ce, "Kawu, har yanzu ba su yi sallama ba. In raka su ne?"

Kawu ya share ƙwalla ya ce, "A'a, ɗana. Ƙaro musu ruwa."