Dunƙulen Yumɓun Tabawa

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda marmaro ɗaya ne tal ba ya ƙafewa da rani, dabbobi sun daɗe da daina yawon neman ruwa. Kakanninsu ne suka haƙa magudanai zuwa kowace unguwa, suka gina wani wuri da dutse da yumɓu a tsakiya, inda ruwan ke taruwa kafin a rarraba shi. Wurin nan shi ake kira Cibiya. Ba ta kowa ba ce. Ba a sayar da ruwanta, ba a hana kowa leƙa cikinta, kuma duk wanda ya ga ɓaraka yana iya kawo gyara. Sai dai gyaran ba ya shiga sai Baba Nomau ya yarda.

Baba Nomau damo ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana kwance a kan dutsen Cibiya yana duba gyare-gyaren jama'a. Ana yabon danginsa da haƙuri, amma shi nasa ya ƙare tun a shekara ta huɗu, bai kuma nemi wani ba. Duk safiyar da ta biyo bayan tsayuwar wata akan taru a gindin kukar da ke kusa da shi, mai kuka ya kawo kukansa, mai gyara ya kawo gyaransa. A kan reshe kuwa akwai Aku, wanda ba ya manta ko kalma ɗaya da aka taɓa faɗa a wurin, kuma ba sai an tambaye shi yake maimaitawa ba.

Tabawa gafiya ce, tana zaune da tsohuwarta a Unguwar Ƙarshe, inda magudana ta ƙarshe ke tsayawa. Ba ta taɓa zuwa taro ba, don ba ta son magana a cikin jama'a. Abin da ya kawo ta shi ne ruwansu yakan ɗauke haka kawai, ya yi rabin yini, wani lokaci yini biyu, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru. Da damina ba a damu ba. Amma bazara ta matso, tsohuwar kuma ƙafafunta sun daina kai ta ko bakin rami.

"Baba, ina kwana," in ji Tabawa. "Ruwanmu ne yake ɗaukewa."

"Yaushe?"

"Wani lokaci."

Baba Nomau ya tsoma wutsiyarsa a ruwan da ke gabansa, ya fito da ita, ya dube ta. "A nan yana gudu," ya ce.

Aku ya gyara murya. "An kawo wannan kuka shekara shida da suka wuce. Zomo ne ya kawo. An ce ya koma ya zo da hujja. Bai dawo ba. An rufe maganar."

"Ai Zomon ƙaura ya yi saboda ƙishirwa," in ji Tabawa.

"To," in ji Aku, "shi dai bai sake kawo kuka ba."

Tabawa ta koma gida ranta a ɓace. Washegari ta haƙa ɗan rami a bayan Cibiya, ta shiga ta zuba ido. Kwana tara tana zuwa da sassafe tana komawa da la'asar. A rana ta tara ta ga abin. Akwai ƙofar da ke kai wa giwaye ruwa, akwai wadda ke kai wa ɓauna. In aka ɗaga ɗaya, lafiya. In aka ɗaga ɗayar, lafiya. Amma in an yi rashin sa'a aka ɗaga su a tare, sai ruwan ya ja baya ya dawo da ƙarfi, ya ture wani faffaɗan dutse da ke ƙasa. Dutsen bai fi faɗin farce yake matsawa ba, amma ta nan rabon Unguwar Ƙarshe ke zurarewa cikin ƙasa, har sai wani abu ya buge shi ya koma wurinsa.

Daɗi ya kama ta har ta manta ba ta ci komai ba. Ta kwaɓa yumɓu, dunƙulen da bai kai goro biyu ba, ta sassaƙa ɗan turke, ta jira wata ya tsaya.

Baba Nomau ya saurari bayaninta da ido ɗaya a buɗe. Da ta gama ya buɗe ɗayan, wanda aka ce rabon da ya yi wa wani haka tun shekarar da aka yi fari. Sannan ya juya dunƙulen ya ce, "Da me kika shafe bayansa?"

"Da wutsiya, Baba."

"A nan da tafin hannu ake shafewa. Ki dawo wata mai zuwa."

Wata na biyu aka ce ta haɗa gyara biyu a zama ɗaya, yumɓu daban, turke daban, ta raba su. Wata na uku aka ce bayaninta ya yi tsawo. Ta gajarta shi, Aku ya tunatar da taro cewa a shekarun baya an mayar da na Kurege saboda gajarta irin wannan.

A wannan zaman ne Zalɓe ya miƙe. Zalɓe bai taɓa kwaɓa yumɓu ba, don ba ya son ya taɓa masa fiffike, amma ya yi tafiye-tafiye.

"Jama'a," ya ce, "ina girmama wannan baiwar Allah da ɗan dunƙulenta. Amma har yaushe za mu yi ta liƙe-liƙe? Matsalar Cibiya ba tsaga ba ce, yumɓu ne kansa. Yumɓu kayan jiya ne. A dajin da na ziyarta, da zallan dutse suke gini, dutse kuwa ba ya yoyo. Shawarata ita ce a rushe Cibiya gaba ɗaya a sake ta. Ba zai wuce damina bakwai ba. Ni kuma a shirye nake in tsaya a gefe in nuna yadda za a yi."

"A damina bakwai ɗin me za mu sha?" in ji Tabawa.

"Wannan ƙaramar tambaya ce," in ji Zalɓe. "Ni a kan tushe nake magana."

Taro ya rabu biyu, 'yan dutse da 'yan yumɓu. Aka yi musu har rana ta take tsaka. Bushiya ta ce Zalɓe ya zagi kakanninta, Zalɓe ya ce bai ambaci kowa ba, Aku ya maimaita jawabin daga farko don a tabbatar. Dunƙulen Tabawa yana ajiye a rana, ba wanda ya kalle shi.

Ana cikin haka Dila ya iso. Shi ne wakilin giwaye, waɗanda su kaɗai ke shanye rabin ruwan Cibiya, kuma tun da aka gina ta ba a taɓa ganin giwa da yumɓu a hanci ba.

"Ranka ya daɗe, Baba Nomau," in ji Dila, "manya suna gaisuwa. Sun ce in shaida wa taro cewa suna alfahari da Cibiya, kullum suna ambatonta a wajen baƙi. Suna tare da ku a zuciya. Sun kuma lura ruwansu yana zuwa da ɗan ɗumi da azahar, suna son a gyara kafin jibi. Game da batun kada a ɗaga ƙofarsu tare da ta ɓauna kuwa, sun ce manya ba sa jiran layi."

Da kowa ya watse, Baba Nomau ya kira ta. "Ke Tabawa, zo ki ga abinki."

Ta zo. Dunƙulen ya bushe a rana, ya tsage gida uku.

"Da na sa shi tun watan farko," ya ce, "da yanzu ya farfashe, ya toshe magudanar bushiyoyi, su kuma su zo nan su tsaya a kaina. Ki kwaɓa shi da busasshiyar ciyawa. In da tafin hannu kike shafewa, da kin ji a jikinki cewa bai kama ba."

Tabawa ta so ta ce me ya hana shi faɗin haka tun wata biyu da suka wuce. Ta dubi tsagar, ta dubi tsohon, ta haɗiye. Abin da ya fi ƙona mata rai a hanyar gida shi ne yana da gaskiya.

Wata na huɗu, bazara ta kankama, gyaran ya shiga. Baba Nomau bai yaba ba. Cewa ya yi, "Ba laifi," Aku kuwa ya sanar cewa wannan ne karo na biyar da aka ji kalmar daga bakinsa. Ruwa ya gudu a Unguwar Ƙarshe dare da rana. Tsohuwar Tabawa ta sha, ta yi wanka, ta ce a kira maƙwabta su ga 'yarta.

Kwana uku aka yi ana murna. A na huɗu, kwaɗi kusan ɗari huɗu suka yi sahu zuwa gindin kuka, jikinsu duk ƙura. Babbansu ya yi tsalle ya hau saiwa.

"Baba Nomau, shekara goma sha ɗaya muna zaune a fadamar da ke bayan tudun can. A nan aka haife mu, a nan muka aurar. Ba mu taɓa tambayar daga ina ruwanta ke fitowa ba, don ba mu da rashin kunya. Shekaranjiya ya tsaya. Yanzu haka talibambam ɗinmu suna kwance a taɓo. An ce wata ce ta gyara wani abu. Mu ba mu ga abin da ya lalace ba."

Ashe ruwan da ke zurarewa ta tsagar nan shi ne fadamar kwaɗi.

Cibiya tana da doka ɗaya da ta girmi kowa a wurin: komai kyan gyara, in ya busar wa wani gida, a cire shi. Baba Nomau bai jira wata ya tsaya ba. Ya sauka daga dutsensa, ya sa farce ya ɓamɓare yumɓun, ya zare turken.

"Baba, yoyo ne fa," in ji Tabawa. "Kuskure ne. Ruwanmu ne suke zaune a ciki."

"Na sani."

"Tsohuwata fa?"

"Na san da ita. Amma ranar da na yarda a busar da kwaɗi don gyara ya yi kyau, gobe wani zai kawo gyaran da ya fi naki kyau, ya busar da ku. Ki nemo hanyar da za ku sha su sha. In kin samo, ba sai wata ya tsaya ba."

A wannan makon giwaye da ɓauna suka ɗaga ƙofa tare har sau biyu. Tabawa ta koma jigilar ruwa a ɓawon katantanwa, tafiya goma sha biyu a yini, rabi yana zubewa a hanya. A tafiya ta ƙarshe ta rana ta biyar ta zauna hutawa a gindin wata gora, tana zagin kwaɗi ɗaya bayan ɗaya. Ta karya wani siririn reshe don huce haushi, ta ga cikinsa rami ne fayau. Ta daɗe tana leƙa ramin.

Washegari ta kai wa Baba Nomau sabon dunƙule, an kwaɓa da ciyawa, an shafe da tafin hannu, ga 'yar gora ta ratsa tsakiyarsa. Turke zai riƙe dutsen kada ya motsa. Gorar kuma za ta riƙa ɗiga wa kwaɗi ruwa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, maimakon ambaliya yau, fari gobe.

Aka saka. Fadama ta dawo, Unguwar Ƙarshe ba ta ɗauke ba. Babban kwaɗi ya zo ya duba, ya ce ruwan ya ishe su, sai dai sun saba da ambaliyar, da ita suke gane lokacin fara waƙa. Baba Nomau ya dube shi da ido biyu, kwaɗon ya janye maganar. Ya dai roƙi a daina kiran abin yoyo, don yana zubar musu da mutunci. Aka amince. Aku ya sanar cewa daga yau sunansa Magudanar Kwaɗi, kuma tun asali da niyya aka yi ta. Zalɓe ya ce gora ma ai kusan dutse ce, don haka ra'ayinsa ne ya yi nasara. Dila ya kawo saƙon cewa manya sun ji daɗin yadda aka bi shawararsu.

Tabawa ta yi sallama za ta tafi, Baba Nomau ya ce ta dakata.

"Duk dajin nan, wa ya san bayan dutsen can in ba ke ba?"

"Ai kai ka sani, Baba."

"Ni na tsufa da shiga rami. Ga shi kuma ina son in leƙa wani ɗan'uwana a hayin rafi, kwana uku kawai. Hau nan ki riƙe mini wurin. Ba wuya. Ki saurara, ki ce a'a, in kin rasa dalili Aku zai samo miki."

Ta hau don kunya. Dutsen ya fi yadda take zato zafi. Kafin ta gyara zama, layi ya kai bakin kuka: Bushiya da ƙorafi, Zalɓe da sabon jawabi, Dila da batun ɗumin ruwa, da wani ɓera riƙe da dunƙulen yumɓun da ko daga nesa ta ga ba zai kwana biyu ba. Ta waiga ta hango Baba Nomau yana haye tudu da saurin da ba wanda ya san yana da shi.

Kwana uku suka wuce, wata uku suka wuce. Tabawa ta dawo da tsohuwarta kusa da Cibiya, don ta daina samun lokacin zuwa gida. Ruwa kuwa bai sake ɗaukewa a Unguwar Ƙarshe ba, maƙwabtanta na da har sun manta an taɓa yin haka.

Da kaka wata shamuwa mai shirin tafiya ta ce ta ga Baba Nomau can ƙasan kwari, ya yi ƙiba, har yana gaisawa da jama'a. A wani kududdufi yake shan ruwa, mai ɗan wari, wanda ba wanda ya gina shi.