Ranar Da Na Girgiza Giyar Mamaci

Ba zan taɓa mantawa da kwalbar nan ba, ko da yake na so in manta. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina wanke kwanuka a wani gidan abincin Girkawa a birnin Edmonton, can ƙasar Turawa. Sabulu ya cinye mini hannuwa. Burina ɗaya ne: in bar bakin famfo, a ba ni farar riga in riƙa kai abinci tebur kamar mutum. Maigidan, Manoli, ya ce zai gwada ni ranar addu'ar cikar mahaifinsa shekara da rasuwa.

Mahaifin nasa manomin inabi ne a ƙauyensu. Da hannunsa yake matse jar giyarsa, ba ya zuba mata magani, ba ya tace ta. Kwalba ɗaya tak ta rage cikin waɗanda ya yi kafin ya mutu. Manoli ya rungumo ta a jirgi, ya tsayar da ita a lungun sito, ya hana kowa taɓawa. (Na ɗauka tsoron ɓarayi ne. Ban tambaya ba. Wanda ya tsaya a aji biyu na sakandare ba ya son a ga yana tambaya.)

To ni ɗan mai burukutu ne. A gidanmu a kudancin Kaduna na tashi ina kallon Mama tana motsa tulu kafin ta ɗebo wa baƙo. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ne ƙarfin. Ka ba mutum ruwan sama-sama, ka raina shi ke nan.

Ranar, dangi suka cika dogon tebur, kowa cikin baƙaƙen kaya, ni kuma cikin farar rigar da Manoli ya ba ni. Manoli ya ce a kawo kwalbar. Alhassan kuku, mutumin Kumasi, wanda ke tsokanata da Fasto don ni Kirista ne, ya ja da baya.

"Ni ina da alwala. Fasto, aikinka ne. Ka bi ta sannu-sannu fa."

"Alhaji, giya za ka koya mini? Tsaya kan albasarka."

Na ɗaga ta wajen fitila, na ga gari ya kwanta baƙi ƙirin a gindinta. Na ce a raina, ashe Turawan nan ma ba komai suka sani ba. Kuma ban yi abin a kicin ba fa. Sai da na isa gaban tebur, inda kowa zai ga na iya, na kama wuyanta da gindinta na girgiza. Sosai. Kamar mai sayar da kunu a tasha.

Manoli ya taso rabi daga kujera.

"Me ka yi?" ya ce da Turanci, a hankali.

"Na haɗa ta ne, Oga. Don kowa ya samu mai kyau."

Bai yi ihu ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya buɗe, ya tsiyaya. Ta fito kamar ruwan kududdufi. Ya turo mini kofin.

"Sha."

Na sha. Tsami-tsami, ɗan ɗaci, ƙamshin busasshen ganye da ƙasar da ta sha ruwan farko, sai yashi-yashi a haƙora. Ƙarƙashin lakar akwai abu mai kyau, ko ni jahili na gane. Na ji hannun mutum a ciki, yadda nake jin na Mama a nata. Shi na dagula.

Ba damar jira ta sake kwanciya, an riga an yi addu'a, an buɗe. Matar marigayin, wata 'yar tsohuwa, ta ɗauki kofinta ta shanye har lakar, ta goge baki. Ko kallona ba ta yi ba. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye riƙe da faranti.

Kafin a kai nama, Manoli ya shigo kicin ya karɓi farar rigar. Da kansa ya ninke ta. Bai kore ni ba. Alhassan ya miƙo mini soso.

"Sannu, Fasto."

A bakin famfon nan furfura ta same ni.

Yanzu ko maganin tari aka ba ni, sai na tambaya kafin in girgiza. Abin da Mama ta koya mini gaskiya ne, amma a tsakar gidanta. Abin da na tarar kwance a gidan wani, a kwance nake barinsa.