Jirgin Malam Tasi'u da Notin Keken Balaraba

Ku bari in ba ku labarin maƙwabcina Malam Tasi'u mai gyaran rediyo. Tun da mutane suka koma sauraron labarai a waya, aiki ya yi masa ƙaranci, sai ya shiga ƙirƙira. Wani zai ƙera mota, wani jirgin sama, amma shi Malam Tasi'u, a garin da ba mu taɓa ganin teku ba sai a kalanda, ya ce jirgin ƙarƙashin ruwa zai yi. Ya samo bututun roba tsawon kamu guda, ya liƙe bakinsa da gam, ya sa ɗan injin fanka da farfela, ya ƙwaƙulo rimot daga motar wasan yara. Har da sirinji a ciki, wai in ya zuƙi ruwa jirgin ya nutse, in ya fesar ya taso. Ya bar amsa sunan mai rediyo, sai an ce Injiniya yake waigowa.

Wahalar abin, in ji shi, ita ce daidaita nauyi. Jirgin bai kamata ya yi iyo kamar ƙwarya ba, bai kamata kuma ya zauna a ƙasa ba, sai dai ya tsaya tsakiyar ruwa cak, hanci da wutsiya daidai. Don haka ya ƙwace duron ruwan matarsa Balaraba, ya mai da shi wurin gwaji. In hancin ya ɗaga, ya ƙara masa noti. In wutsiyar ta ɗaga, ita ma a ba ta nata. Da notin shagonsa suka ƙare, sai ya juya kan keken ɗinkin Balaraba, wanda da shi take rufa wa gidan asiri. Ya kwance wannan, ya kwance wancan, har keken ya koma rawa kamar mai jin sanyi.

"Baban Sadiya, ɗinkin mutane fa na jirana, biki ya matso," in ji ta.

"Haba Balaraba, aro ne. Ranar Juma'a ina gama gwaji zan mayar miki da abinki, har da man keke."

Abin da Injiniya bai lissafa ba, ruwan rijiyar gidansu zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Irin wannan ruwa ya fi ruwan daɗi ɗaukar kaya. Shi kuwa a cikinsa ya yi duk awonsa, sannan ya gayyaci unguwa kaf zuwa tafkin bayan gari, inda ruwan sama zalla ya taru.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci muka ɗunguma. Ya naɗe ƙafar wando, ya yi bisimilla, ya ɗora jirgin a kan ruwa. Ko rimot ɗin bai gama riƙewa da kyau ba, jirgin ya soka hanci ƙasa, zuruf, ya ɓace. Jama'a suka ɗauki tafi da kabbara. Ni kaina na tafa, ƙarya ba ta da amfani. Malam Tasi'u ya ɗaga mana hannu kamar ɗan takara.

Da tafin ya lafa, taubashinsa Hashimu ya ce, "To Injiniya, mun ga tafiya. A nuna mana dawowa."

Ya danna rimot. Shiru. Ya sake dannawa, ya buga rimot a tafin hannu, ya ciro batir ya lasa ya mayar. Ko kumfa tafkin bai yi mana ba. Ya ce mu yi haƙuri, jirgin yana zagaye ne a ƙasa. Muka yi ta haƙuri har aka kira la'asar, kowa ya kama gabansa, aka bar mu daga ni sai shi sai kwaɗi.

Na raka shi gida don tausayi, kuma gaskiya don kada a ba ni labari. Muna shiga muka tarar da Balaraba zaune gaban kekenta, ga yadin mutane tsibi a gefe. Ta dubi hannunsa, ba komai sai rimot.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ina jirgin? Ina notina?"

Ya gyara murya. "Ke ba ki san kimiyya ba ne. Jirgin ƙarƙashin ruwa aikinsa ke nan, nutsewa. Kuma tambayi maƙwabci, wallahi ya nutse fiye da yadda na zata. Kowa sai da ya tafa."

Balaraba ta gyaɗa kai a hankali, ta ce, "Allah sarki. Ai da ka ce nutsewa kawai kake nema, da ka bar min kekena na ba ka dutsen niƙa. Shi ko batir ba ya ci."