Likitan Aladu

Shekarar da soja suka koma bariki na dawo Agege daga karatun kiwon dabbobi, ina ji da kaina. Da Babbar Sallah na je gaida Alhaji, wanda nake neman 'yarsa. Dattawa na cin gasasshen ragon layyarsa, suna yaba laushin naman.

Ba wanda ya tambaye ni, na gyara murya na ce, "Baba, kitsen da ya ratsa tsokar nan gado ne. Sak haka muka gani a jikin aladu."

Alhaji ya ajiye tsokarsa, ya nemi buta.

Da kyar aka ba ni matar. Har yau in Alhaji ya sayo rago sai ya ce, "Ku kira likitan aladu ya duba mana asalinsa."